Dutsen da Ka Ɗauko Mini a Kufena

Zuwa ga Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta, ɗan Wusasa, maƙwabcina a Tudun Wada, wanda yanzu yake jinya a gidan 'yarsa Rifkatu a Jos.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da jiki. Ina gaida Rifkatu da maigidanta da yara, Allah Ya ba su ladan jinya. Mutanen layinmu duk suna gaishe ka, har da waɗanda ka zane a aji suna yara, yanzu sun yi furfura.

Tun shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma bin dama na san ka, kuma ban taɓa kiranka ka ƙi amsawa ba sai bana. An kira ka a waya, ka ce a ce kana barci. An sake kira, ka ce a ce ka shiga wanka. Malam Yohanna, mutumin da aka yanke wa ƙafa bai daɗe ba, wane irin wanka yake yi tun daga hantsi har la'asar?

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Bilkisu ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Ta ce za ta sa a shafinta inda jama'a ke karantawa, Rifkatu ma a can za ta gani. Na ce ta sa. Tunda ka ƙi jina a ɓoye, sai ka ji ni a bainar jama'a. Rifkatu za ta karanta maka ko kana so ko ba ka so. Ƙafa aka yanke, ba kunne ba.

Ka tuna ranar farko? Direbobi na ta ruɗewa a Kwangila, kowa na zagin kowa, kai kuma ka turo keke da dutsen niƙan mahaifiyarka, Inna Saratu, ɗaure a baya. Ya yi santsi, ba ya cin hatsi, aka aiko ka wurina in ƙoda shi. Ina zaune gindin durumi ina sassara fuskarsa da 'yar guduma don ya yi kaushi, kai kana tsaye a kaina da farar riga da biro a aljihu. Ka faɗa mini sunan dutsen da Turanci, ka faɗa mini wai ya girmi duk wani mutum da ya taɓa taka ƙasa. Na ce maka mu a nan sunansa dutsen Inna Saratu, ka matsa, kana tare mini haske.

Ba ka matsa ba. Daga ranar ba ka sake matsawa ba.

Ka ga zamanin da mata ke layi da duwatsunsu a ƙofata. Ka ga zuwan injin niƙa, ka ga layin ya gajarce har ya ƙare. Ka ga na koma fasa dutse wa magina, ina dawowa da yamma fari fat kamar an tsoma ni a gari. Duk wannan zamanin, ban tuna abu ɗaya da muka taɓa yarda a kai ba. In na ce ruwa zai sauka, sai ka ce rediyo bai faɗa ba. In ruwan ya sauka, sai ka ce ba irinsa nake nufi ba.

Sai shekarar korona, bayan an buɗe gari an koma masallatai da coci-coci. Ina alwalar la'asar a tsakar gida, buta ta suɓuce daga hannuna. Na sa hannu in ɗauka, hannun bai je ba. Ban san sauran ba sai da na farka a gadon asibiti, ɓarin jikina na dama ya shanye, bakina ya karkace, in na yi magana ni kaɗai nake gane abin da na ce.

Kullum sai ka hau acaɓa ka zo, da jarida a hammata. Ka zauna ka yi ta karanta mini labaran da ban tambaye ka ba. Na juya maka baya, ka zagayo da kujera. Na rufe ido, ka ƙara murya.

Kowa ya ɗauka hannun nake wa baƙin ciki. Likita ya yi ta lallashina in je wurin masu gashin ƙashi, na ƙi. Bilkisu ta kawo kunu, na kau da kai. Suka ce ai dole, mutumin da ya ci abinci da hannunsa duk rayuwarsa. Ba su yi ƙarya ba, amma ba nan ciwon yake ba.

Kai ka gano. Ka lura da cewa duk sa'ad da aka kira salla a masallacin asibiti sai in ja mayafi in rufe fuska. Bilkisu kan yi mini alwala da safe kafin ta tafi koyarwa, ta yi mini da dare in ta dawo. Azahar da la'asar kuwa sai su wuce ni ina kwance kamar gungume, ba na iya tashi, ba na iya roƙon ma'aikatan jinya su wanke mini ƙafa ga tarin aiki a gabansu. Ni da tun tasowata ban san salla ta wuce ni ba.

Ba ka tambaye ni ba, don ka san ba zan faɗa ba. Ka je ka tambayi na gadon kusa da ni, wani Alhaji ɗan kasuwa daga Tudun Jukun da ya karye a ƙugu. Shi ya yi maka bayanin taimama, cewa marar lafiyar da ruwa ya gagare shi yana iya dafa ƙasa mai tsarki ko dutse da tafin hannu, ya shafi fuska da hannaye, ya yi sallarsa daga kwance. Shi yana da ɗan dutsensa a ƙarƙashin matashi, amma gadonsa ya yi mini nisa, kuma da taurin kaina ba zan yi aro ba.

Washegari sai ga ka da abu naɗe a farin ƙyalle, kana tafe kamar mai kai lefe. Ka buɗe a gabana. Gutsuren tayil ne, irin na daɓen ɗaki, fari ƙal, ka wanke shi da sabulu har yana ƙamshi. Alhaji ya ce maka wannan ai ƙonanne ne, ya shiga wuta, ba a taimama da shi. Ka ce to ai asalinsa ƙasa ce. Ya ce tukunya ma asalinta ƙasa ce.

Ka tafi, ka dawo bayan kwana biyu da dutse na gaske, ɗan madaidaici, kyakkyawa. Sai dai ka ga bai dace a ba marar lafiya abu haka tsurarsa ba, ka kai wa kafinta ya shafe shi da man nan mai sheƙi da suke shafa wa kujeru. Warinsa ya cika ɗakin. Alhaji ya ce yanzu in na dafa, man na dafa, ba dutse ba. Ka tsaya riƙe da shi, ka dube ni, ka dubi Alhaji, ka ce: "Addinin nan naku, dutse ma sai ya ci jarrabawa?"

Alhaji ya yi dariya har ya kama ƙugu yana salati. Ni ma na yi, da rabin baki. Ita ce dariyata ta farko tun faɗuwar butar.

Ka yi fushi ranar, na sani. Da shekarunka da ciwon sugarka, ka hau acaɓa har gindin dutsen Kufena a bayan gari, ka shiga cikin duwatsu kana tonawa da sanda. Ka dawo da yamma da ƙarangiya a ƙafar wando, ka dire mini wani baƙin dutse mai kaushi a kan gado, duk jikinsa haƙora. Ka ce: "Ga shi yadda Allah Ya yi shi. In bai yi maka ba, ka kai ƙara wurin Mai shi."

Da shi na yi la'asar ɗin ranar. Kana zaune a kujera ka buɗe jarida ka rufe fuskarka da ita, wai kana karatu, har na idar.

Abin da ya biyo baya ka sani, amma bari in faɗa saboda masu karantawa. Hannun dama ba ya ɗaguwa, sai in kama shi da na hagu in ɗora a kan dutsen in ja. Dutsen yana kartar mini tafi har jini ya fito, ni ban sani ba, don ba na jin komai a wurin. Wata ma'aikaciyar jinya ta ga jinin a zanin gado, ta yi faɗa, ta ɗauki dutsen za ta jefar. Ka tare ƙofa ka yi ta yi mata Turanci har ta gaji ta mayar.

Rannan da azahar na ja hannun kamar kullum, sai na ji wani abu a gindin babban yatsa, kamar cizon cinnaka. Na tsaya. Na sake ja. Ya sake cizona. Ban gaya wa likita ba, ban gaya wa Alhaji ba, na yi ta jiranka. Da ka shigo, na ɗora hannun a kan dutsen, na tattara bakina na ce maka: zafi. Ka cire tabarau, ka daɗe kana goge shi da gefen riga, sannan ka ce: "To madalla. Allah Ya ƙara zafi."

Da safe da kaina na ce a kai ni wurin masu gashin ƙashi.

Bayan an sallame ni na dawo gida da dutsen a aljihu. Kai ne ka shiga ɗakina ba sallama, ka jawo kwandon kayan aikina daga ƙarƙashin gado, ka zube guduma da cizal a gabana. Ka ce abin kunya ne a ji maƙodin Tudun Wada yana yawo da dutsen da ke yankarsa. Na ce da wane hannun? Ka ce wanda ya saura.

Abin da ka manta, duk rayuwata mai santsi nake mayarwa mai kaushi. Ban taɓa yin akasin haka ba. Sai ga ni da tsufana ina koyon sana'ata ta baya. Na ɗora mataccen hannun a kan dutsen ya danne shi da nauyinsa, na hagu yana sara. Na fi bugun yatsuna fiye da dutsen. Kana zaune a kan benci kana ƙirga mini kuskure kamar mai duba jarrabawa. Da na rage haƙoran, sai na koma gogawa da wani dutsen, da yashi da ruwa, tun daga fitowar rana har inuwa ta bar tsakar gida.

Da fari shimfiɗaɗɗe na so in yi, kamar na Alhaji. Sai na lura hannuna ba ya buɗewa, a dunƙule yake kamar mai riƙe da ƙwai. Duk mai irin ciwona haka nasa yake. Sai na bi hannun, na yi wa dutsen doro kamar bayan kunkuru, yadda in an ɗora dunƙulallen hannu zai zauna daram, tafi duka ya taɓa. Na aika aka tambayi limamin layinmu, ya ce muddin bai shiga wuta ba, ba a kuma shafa masa komai ba, sassaƙa ba ta hana.

A cikinsa, ɓangaren da ke kallon ƙasa, na zana zangarniyar dawa. Ka ce in yi maka kurciya, na ce ka san ba na sassaƙa mai rai. Ka juya dutsen ka dubi zangarniyar da kyau, ka ce gara da ban yi kurciyar ba, tunda dawar ma tsintsiya ta zama.

Da shi nake komawa asibiti duk ranar gashi. Wata rana a layi wani dattijo daga ƙauye, hannunsa kamar nawa, ya yi ta kallon abin da nake juyawa. Na ɗora masa hannu a kai. Ya daɗe bai ɗauke ba. Bai roƙe ni ba, ni ma ban ba shi ba, don wannan naka ne. Amma na ce masa ya dawo sati mai zuwa. Kai ka sake komawa Kufena ka ɗebo mana rabin buhu.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Ita ma'aikaciyar da ta so jefar da dutsen, ita ce yanzu ke aiko mini cewa an kwantar da wani, an kwantar da wata, hannun yaro ne ko na babba. Kowa da girman tafinsa. Wata mata 'yar cocinku da ake yi wa wankin ƙoda ta ce ita ma tana so. Na ce a gaya mata na taimama ne. Ta ce ta sani, so take ta riƙe wani abu mai sanyi in an jona ta da inji. Na yi mata, ban ƙara tambaya ba.

Yau yatsuna uku na dama sun farka. Suna riƙe cizal, suna riƙe kofin shayi, suna jan carbi. Ƙananan biyun har yanzu barci suke, na daina tashinsu. Likita ya ce gashi ne ya yi aiki, liman ya ce addu'a ce, ni na ce duka gaskiya suka faɗa. Amma na san wanda Allah Ya aiko da tayil.

Ni da kai ba mu saba gode wa juna ba, sai dai gardama. To yau Bilkisu ta rubuta, jama'a su shaida. Na gode, Yohanna. Na gode da tayil ɗin, na gode da man kafinta, na gode da ƙarangiyar da ka kwaso a wando. Ba sallarka ba ce, ba alƙiblarka ba ce, amma ka yi sawu uku don kada ta wuce ni. Iyayena sun koya mini ita ina yaro. Kai ka dawo mini da ita ina tsoho.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da yarinyar nan tun bayan azahar tana rubutu.

Ka ɓoye mana gyambon nan a cikin safa har ya ci ƙafar. Ba zan yi maka faɗa a kai ba, an riga an yi. Rifkatu ta zo ta ɗauke ka, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Jiya ta kira Bilkisu tana kuka. Ta ce ba ka cin abinci sai an yi da gaske. Ta ce kana tura magani ƙarƙashin katifa. An kawo keken marasa lafiya, ka ce a fitar. Fasto ya zo, ka yi masa barcin ƙarya. Ka juya fuska ga bango, ka ce mata a bar ka, ka gama aikinka. Likita kuma ya gaya mata ƙarara, in ba ka ci ba, ba ka sha maganin ba, ciwon ba zai haɗe ba, sai an ƙara yankewa zuwa sama, kuma jikinka ba lalle ya ɗauki na biyu ba.

Na san bangon nan, abokina. Na san yadda mutum ke haddace duk wata tsaga da ke jikinsa. Na san yadda muryar masu ƙaunarka ke zama kamar ƙarar injin maƙwabta. Ba zan ce maka ka yi haƙuri ba, an gaya maka har ka ƙoshi.

Su duk sun ɗauka ƙafar kake wa baƙin ciki. Wataƙila ita ce. Amma ni ma haka aka ɗauka game da hannuna. Na kwana ina juya abin a raina, ko tafiya coci da ƙafarka ce, ko ganin 'yarka na ɗauke maka fo, ko wani abu can da ban taɓa sani ba duk zamanmu. Ban gano ba. Kai da ka gano nawa, ba daga nesa ka gano ba. Kujera ka ja ka zauna, kana kallona ta saman jarida, har ka ga lokacin da nake rufe fuska.

Sannan akwai aiki, kada ka ce tausayi ne ya kawo maganar. Sara ina iyawa. Guga ce ke kashe ni, don tana son hannu biyu masu ƙarfi da mutumin da zai zauna wuri ɗaya yini guda. Akwai duwatsu a kwando da na sare na kasa gogewa, masu su na kwance suna jira, ɗaya yarinya ce da ba ta kai aure ba. Kai kana da hannu biyu lafiyayyu da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi alli nauyi ba, zama kuma yanzu ka samu. Ni ina da ƙafa biyu. In aka haɗa mu, za a sami maƙodi ɗaya da ɗan canji.

A nan Bilkisu ta ajiye rubutu. Ta gane inda maganar ta dosa. Ta ce likita ya hana ni doguwar tafiya saboda hawan jini, ta ce hanyar ba kyau, ta ce sanyin Jos ba na tsoho ba ne. Na bar ta ta gama. Na ce ta ɗauka ta ci gaba, ko in fita titi in nemi wanda zai ƙarasa mini. Ta ɗauka. Ta ce in dai haka ne ƙafarta ƙafata, za ta nemi izini a makaranta. Tana rubuta wannan tana hararata, ka san halinta, kai ka koyar da ita.

Allah Ya ba ka lafiya, Yohanna. Allah Ya haɗe wannan ciwo, Ya tsayar da wuƙa inda ta tsaya. Allah Ya buɗe maka ciki ka ci, Ya buɗe maka baki ka yi gardama. Ya saka wa Rifkatu da alheri. Duk wanda ke kwance yau yana kallon bango, a asibiti ko a gida, Allah Ya aiko masa da mai taurin kan da zai zauna kusa da shi. Amin.

Gobe in Allah Ya kai mu, ina idar da asuba zan sha maganina, in ɗaure duwatsun nan a buhu da yashin guga, mu tari keke zuwa tasha mu shiga motar farko. Ba sai ka tashi ba, ba sai ka yi magana ba. Ka dai gaya wa Rifkatu ta ɗan ja gadonka, ta shimfiɗa mini tabarma tsakaninka da bangon.

Naka,
Sale Maƙodi,
Tudun Wada, Zariya.